Amsa kan "borrow me" da "lend me"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce ɗanki ya rubuta "borrow me your book" malaminsu ya zizara masa jan biro, alhali kowa haka yake faɗa har ke kanki, kina so ki san inda kuskuren yake. Shekarata 17 ina koyar da Turanci a sakandare, ban taɓa shiga ajin da babu wannan ba, don haka a yi mini haƙuri in ɗan ja zancen.

Malamin yana da gaskiya. Shi kuma yaron ba daƙiƙanci ba ne, Hausarsa ce ta biyo shi cikin Turanci. Mu kalma ɗaya ce ke kaiwa da komowa: "ara mini kekenka", "na ari kekensa". Abin da Hausa ta sa wa ido shi ne ko kayan ne da kansu za su dawo, ko madadinsu. Shi ya sa ake aron turmi da tsani, amma a ranci kuɗi ko kwanon gero. Bature bai san wannan bambancin ba, mota da sukari duk kalma ɗaya yake musu. Shi hannu yake kallo. Mai karɓa shi ke borrow, mai miƙawa shi ke lend.

Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce su cire borrow su sa take, su cire lend su sa give, su ji ko maganar ta zauna. "Give me your book" ta zauna, to "lend me your book" daidai ne. "Take me your book" kuwa ko ɗan aji ɗaya zai ji ta karkace. In dai borrow ake so, sai a juya: "Can I borrow your book?" Wani yaro ɗan SS2 ya taɓa zuwa gaban teburina ya ce, "Sir, borrow me your biro." Na miƙe na kama hannunsa na nufi ƙofa, na ce to na are ka, wa zan mayar wa da kai in na gama? Aji ya kwashe da dariya, ya yi ta sosa ƙeya. Har ya gama makarantar ban sake jin ta a bakinsa ba.

Asalin kalmomin ma yana taimakawa. Borrow ta fito daga tsohon Turanci borgian, daga borg, wato jingina ko lamuni. Mai karɓa ne ke ajiye jingina, don haka kalmar ta tsaya a ɓangarensa. Lend kuwa da can ba ta da d a ƙarshe, daga baya ta samu. 'Yar'uwarta loan ta shigo ne daga harshen mutanen Norwe da Denmak da suka mamaye arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9.

Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ke wannan. Jamusanci yana da leihen da borgen, kowacce tana aiki ta fuska biyu kamar "ara" ɗinmu. Shi ya sa a jihohin Minesota da Wiskonsin na Amurka, inda Jamusawa da mutanen Sikandinebiya suka zauna da yawa, har yau ana jin "borrow me". A Afirka ta Kudu ma haka, saboda harshen Afirkans da ake yi a can. A Turancin buroka namu kuwa "abeg borrow me" ba kuskure ba ne ko kaɗan, ni ma a kasuwa haka nake cewa. Takardar WAEC da NECO da wasiƙar neman aiki ne ba su yarda da ita ba.

Tunda ya fara, ki sa masa ido a wurare biyu da ɗalibai suke faɗawa bayan sun gyara wannan. Ana cewa borrow from, lend to, ba a musanyawa. Sannan in abin ya wuce lent ake rubutawa, babu wani "lended". Ki ce ya rubuto miki jimla biyar kan kekensa da abokinsa, ki turo nan in duba masa.