Amsa ga mai tambaya kan dabinon da ke yin fumfuna a hanya

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce kina ƙulla dabino da busasshen mangwaro kina aikawa Legas, amma sai su isa da fumfuna. Ni ma na ɗanɗana.

Da tiya biyu na fara a ɗakina a Tudun Wadar Kaduna, ina saro dabinon Agadas a Kasuwar Bacci, ina liƙe leda da kyandir. Allah Ya sa albarka har na sayi injin liƙi.

Azumin 2024 ne ba zan manta ba. Tun da aka rufe iyakar Nijar a 2023 dabino ya yi tashin gwauron zabo, sai da na ci bashi na haɗa kwali 14. Na kai tasha da kaina, na roƙi direban don girman Allah kada ya haɗa min da kayan wari. Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki." Ashe jarkar fetur ya ɗora a kai! Kwana huɗu suna hanya. Wadda na aika wa kayan ta turo min bidiyo tana buɗewa, leda duk ta yi gumi, kwalin ƙasa ya jiƙe sharkaf. Na kira shi ina kuka, bawan Allahn nan ya ce ai ba ƙwai ya ɗauko ba, ya kashe waya. Ko haƙuri bai ba ni ba. 'Yan kunnen zinaren aurena na sayar na biya bashin. Har yau ina ganinsa a tashar, ina azumi ya yi min haka, na bar shi da Allah.

Don Allah kada ki liƙe leda kayan suna da zafin rana, bari su huce a inuwa, wannan gumin shi ke jawo fumfuna. Iskar Legas danshi gare ta, ba irin tamu ba ce. Mangwaron ki yanka shi siri-siri, in kin yaga kika ga laima a ciki bai bushe ba. Damina ta kama kuwa ki haƙura da shanyar rana. Kada ki haɗa dabino mai laushi da busasshe a leda ɗaya. Kuma ki ɗauki hoton kwalayenki a gaban direba, da lambar motarsa, ko da ɗan'uwanki ne.

Wace irin leda kike amfani da ita ma tukuna? In mai shara-sharan nan ce ta ƙullin sukari, ki daina yau.