Kajin maƙwabciya sun tone mini garka: wa zai biya?

Tambaya: Malam, ina zaune a Tahoua, ina da ƴar garka a bayan ɗaki, salati da albasa da yakuwa. Kajin maƙwabciyata sun tone mini fangali uku. Sau biyu ina yi mata magana, sai ta ce ai kaza ba a ɗaure ta. Wata ta ce in zuba musu hatsi da guba. Ya halatta? Kuma ina da ikon neman ta biya ni?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malama, guba haramun ce. Kajin dukiyar wata ce, in kin kashe su biyansu yana wuyanki. Kuma kin san halinmu: kaza na fara layi sai a kai mata wuƙa kada ta zama mushe, gubar ta ƙare a tukunyar da yara za su ci.

Batun biya shi ne mai tsawo. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Annabi (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana na masu gona ne, ɓarnar dare kuwa mai dabba ke biya. Shari'ar Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana a Suratul Anbiya, aya ta 78, ita ma kan tumakin da suka yi kiwon dare ce. To kaza da magariba take shiga akurki, duk tononta na rana ne. Wanda ya tsaya a nan zai ce ba ki da komai.

Sai dai malaman Malikiyya sun yi saɓani kan ƙudan zuma da tantabaru da kaji. Ibnul Ƙasim da Asbagu sun ɗauke su kamar sauran dabbobi: mai shuka ya tsare shukarsa. Muɗarrif da Ibnu Habib suka ce abin da ba a iya tsare shuka daga gare shi, kamar kaza mai tashi, mai shi ake hanawa, saboda hadisin “babu cuta, babu cutarwa”. Ni na fi karkata ga na biyu a cikin gari, inda katanga ɗaya ta raba gida da gida, ba makiyaya a tsakani.

Saboda haka a duba garkarki. In a buɗe take, ba darni ba ƙaya, ɓarnar da ta wuce ba ta da biya, ke ce ba ki tsare ba. Ki kewaye ta. Ko tsohon gidan sauro aka ja a kan fangali yana hana tono. In kin kewaye, suka riƙa tsallakowa, kin kuma sanar da ita gaban shaidu, wajibi ne ta kulle su ko ta rage musu gashin fiffike ɗaya. In ta ƙi, abin da suka ɓata bayan nan ta biya ƙimarsa, masu aikin garka su ƙiyasta.

Kazar da kika kama a garka amana ce, ki mayar, kada ki karya mata ƙafa. Ƙwan da ta saka a gidanki ma na mai ita ne.

Kafin maganar ta kai ga mai unguwa, a sa wata dattijuwa ta shiga tsakani, ko ku haɗa kuɗin ragar waya tare. In kin yafe fangali ukun nan, ladanki na wurin Allah.

Wallahu a'alamu.