Fatawa: Yayan da Ke Danne Ƙanwarsa da Sunan Ƙauna, a Fim da a Gida

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni da ƙannena mata biyu mun daɗe muna kallon wani fim mai dogon zango na Amurka, The Originals. Labarin wasu 'yan'uwa ne masu shan jini waɗanda ba sa mutuwa. Ɗaya daga cikinsu, Klaus, duk wanda ya saɓa masa sai ya soke shi da wuƙar tsafi ya kulle shi a akwatin gawa, wai kare shi yake yi. Abin da ya sa na rubuto, tun rasuwar Baba yayanmu ya koma kusan haka. Yana karɓe wayata ya bincika, ya mare ni har sau biyu, ya kori mutum biyu da suka zo neman aurena ba tare da ya faɗi aibinsu ba, gadonmu kuma yana hannunsa. In na yi magana sai Inna ta ce babban wa uba ne, in yi haƙuri. Ƙanwata kuwa cewa take ai shi ma Klaus son 'yan'uwansa ne ya yi masa yawa. Malam, kallon fim ɗin ya halatta? Kuma in na kai ƙarar Yaya na yanke zumunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya yaye miki wannan damuwa, 'yata.

Zan fara da fim ɗin, ko da yake shi ne ƙaramin abu a cikin wasiƙarki. Tashar CW ta Amurka ce ta nuna shi daga 2013 zuwa 2018, zango 5, labarin kuma a birnin New Orleans aka gina shi. Uwar 'yan'uwan matsafiya ce, ita ta mayar da su masu shan jini da tsafi don kada mutuwa ta taɓa su. Ƙagaggen labari a kan kansa ba haramun ba ne matuƙar mai ji ya san ƙage ne. Da tatsuniyar Gizo da Dodo aka raine mu, ba a kuma ce kakanninmu maƙaryata ba ne. Hukunci yana bin abin da ke cikin labarin. A wannan kuwa akwai tsiraici da zina da shan giya a fili, alhali Allah ya umarci maza da mata su runtse ido a aya ta 30 da ta 31 ta Suratun Nur. Akwai sihiri da aka nuna shi a matsayin mafita duk lokacin da aka shiga tsaka mai wuya, shi kuwa Manzon Allah (SAW) ya lissafa shi cikin manyan zunubai 7 masu halakarwa. Akwai matattu da ake dawo da su duniya, abin da aya ta 99 da ta 100 ta Suratul Mu'uminun suka rufe ƙofarsa. Don haka kallonsa bai halatta ba. Ba na ce wanda ya kalla ya kafirta ba, muddin bai gaskata tsafin ba. Ya dai yi saɓo, ya tuba ya bari.

Sai dai abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar ƙanwarki. Tsiraici da giya kowace yarinya Musulma ta san haramun ne ko tana kallo. Amma a ce mutumin da ya bar yayansa Finn a akwati kusan shekara 900, ya sha kashe mazan da ƙanwarsa Rebekah take so, ya kulle ta shekaru da dama don ta zaɓi wani, a ce wannan so ne ya yi masa yawa, to gubar ta shiga ba a ji ɗacinta ba. Masu shirya fim ɗin sun nuna yadda uban da ya rene shi ya azabtar da shi yana yaro, sun sa shi kuka, sun sa 'yan'uwan suna ta maimaita alkawarin zama tare har abada, har mai kallo ya koma tausayin mai wuƙar ya manta da na cikin akwatin. Yarinyar da ta saba da wannan, ranar da aka mare ta a gidan uba ko a gidan miji, za ta ce ƙauna ce.

Shari'a ba ta kiransa ƙauna. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe, mala'iku suna la'antarsa har ya bari, ko da ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ki lura da ƙarshen hadisin. Nuni kawai, ba suka ba, sannan aka ambaci shaƙiƙi da gangan don kada wani ya ɗauka haɗin jini ya ba shi lasisi. An kuma hana dukan fuska a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, don haka marin da aka yi miki zalunci ne da sai ya nemi yafiyarki. Binciken wayarki ba tare da wani dalili tabbatacce ba yana cikin leƙen asirin da aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana. Kisan farko a bayan ƙasa ma tsakanin 'ya'yan Annabi Adamu biyu ya faru, waɗanda suka jefa Annabi Yusuf a rijiya kuma yayyensa ne. Alƙur'ani bai taɓa ba su uzuri da 'yan'uwantaka ba.

Maganar Inna tana da gaskiyarta, kada ki raina ta. Babban wa yana da haƙƙin girmamawa, musamman in shi ke ɗauke da cefanen gida, kuma yana da haƙƙin yi miki nasiha da hana ki ɓarna ta gaske in ya gani. Amma a bakin auren nan fiƙihu ya bambanta shi da uba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ikon tilasta budurwa na uba ne da wasiyyin da uban ya ba wannan iko. Ɗan'uwa waliyyi ne, amma ba mai tilastawa ba, kuma ba ya aurar da ke sai da izininki. Haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid. Kamar yadda ba zai tilasta miki ba, haka ba shi da ikon hana ki wanda ya dace da ke kuma kika yarda da shi. Wannan hanin malamai suna kiransa adlu, ayar da ta haramta shi kuwa a kan ɗan'uwa ta sauka. Buhari ya ruwaito cewa Ma'aƙil bin Yasar ya aurar da 'yar'uwarsa, mijin ya sake ta, da idda ta cika ya dawo yana nema, ita ma tana so. Ma'aƙil ya fusata ya rantse ba za ta koma ba. Sai aya ta 232 ta Suratul Baƙara ta sauka tana hana waliyyai tsare mata daga auren mazajensu idan sun yarda da juna. Ma'aƙil ya sauke fushinsa ya ɗaura auren. Sahabi ne, kishin 'yar'uwarsa yake yi, yana ma da abin da zai kafa hujja da shi, duk da haka Allah bai bar masa ba. To ina ga wanda ya kori mutum biyu bai faɗi ko aibi ɗaya ba? In ya ci gaba, alƙali zai umarce shi ya ɗaura, in ya ƙi a ɗaura ba da shi ba.

Gado kuwa aya ta 7 ta Suratun Nisa'i ta kira shi rabo yankakke, na maza da na mata. Ke baliga ce mai hankali, naki ya zo hannunki. In a cikin ƙannenki akwai wadda ba ta balaga ba, nata amana ce a wuyansa, aya ta 10 ta surar kuma ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa a cikinsu.

Kai ƙara ba yanke zumunci ba ne. Allah ya yi wa wanda aka zalunta rangwamen bayyana abin da aka yi masa a aya ta 148 ta Suratun Nisa'i. Da Manzon Allah (SAW) ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, aka tambaye shi yadda za a taimaki azzalumi, sai ya ce a hana shi zaluncin. Kin ga ke nan duk wanda ya riƙe hannun Yayanki gata ya yi masa, domin kowane mari da kowace naira yana nan a rubuce. Kuma ko da za ki rage mu'amala da shi don kare kanki, Ibn Abdil Barr, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, ya faɗa a littafinsa Tamhid cewa ƙauracewar da ta wuce kwana 3 haramun ce sai in mutum yana tsoron cutuwa a addininsa ko duniyarsa, sannan ya ce sau da yawa rabuwa ta mutunci ta fi cuɗanya mai cutarwa. Abin da ba za ki bari ba shi ne sallama, da gaisuwa, da dubiya in ba shi da lafiya, da yi masa addu'a.

Ki bi abin a hankali. Ki zaunar da Inna lokacin da ba ya nan, ki karanta mata ƙissar Ma'aƙil. Sau da yawa uwa tana cewa a yi haƙuri ne don tsoron kada gida ya watse bayan rasuwar maigida. Daga nan ki sami baffa ko kawun da Yayanki yake jin nauyinsa, ki faɗa masa abubuwan ɗaya bayan ɗaya ba tare da zagi ko ƙari ba, ki roƙi a tambaye shi a gaban manya abin da ya gani a jikin mutanen nan biyu. In yana da dalili na addini ko na hali, ki saurara da zuciya ɗaya, mai yiwuwa ya san abin da ba ki sani ba. In babu, ko manya suka kasa, akwai liman da mai unguwa, akwai Hisba inda take, akwai kotun shari'a don rabon gado da waliccin aure. Amma in ya sake ɗaga miki hannu, kada ki jira a gama bin waɗannan matakai. Ranar ki tafi gidan baffanki ki zauna har a yi zama a kan maganar, ki kuma tafi da ƙannenki in kina tsoron zai huce a kansu.

Wallahu a'alam.