IPS, VA ko TN: amsa ga mai haɗa kwamfutarsa ta farko

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ka ce kayan kwamfutarka sun kammala saura monita, kuma ka rasa na ɗauka tsakanin nau'o'in allon nan uku, TN, VA da IPS, ga shi da rana karatu da aiki za ka yi, da dare ka buga gem. Na yi aiki da ukun nan, kuma shawarata ka ɗauki IPS. Sai dai akwai inda VA ya fi shi, gara ka sani tun yanzu.

Dukkansu LCD ne: fitila ce ke ci a baya, ƙwayoyin kiristal da ke gabanta suna buɗe wa haske hanya ko su tare shi. Yadda ƙwayoyin ke juyawa shi ne ya bambanta su.

TN ba sai mun daɗe a kansa ba. Da can saurinsa ya sa 'yan gem ke rububinsa, yanzu kuwa IPS na zamani ya kusa kamo shi. Ka ɗan zame a kujera kaɗai, saman allon zai yi duhu, launi ya sauya. Ba na so ka yi shekaru kana kallon haka.

VA ne ke jan hankali, kuma da dalili. Farinsa yakan ninka baƙinsa haske sau 3000 ko fiye, alhali yawancin IPS suna tsayawa wajen sau 1000. Kashe fitilar ɗaki ka kunna fim, za ka ga bambancin da idonka. Baƙaƙen layukan nan na sama da ƙasa a VA baƙi ne wuluk, a IPS kuwa toka-toka suke, ga wani ɗan haske da ke tasowa daga kusurwoyi. Matsalar VA ita ce nawa wajen fita daga baƙi. Buɗe shafi mai baƙin bango da farin rubutu ka ja shi ƙasa, sai ka ga haruffan sun dushe suna jan jela. A gem ma, in ka shiga wuri mai duhu ka juya da sauri, hoton sai ya dame kamar an goga hannu a kan ɗanyen tawada. Wasu VA masu tsada sun magance wannan sosai, amma masu araha har yanzu suna fama, kuma ba a rubuta maka a kwali. Akwai waɗanda abin bai dame su ba, ni kam idona ba ya jurewa.

IPS, wanda kamfanin Hitachi ya fito da shi a 1996, launinsa ba ya gudu ko daga gefe ka kalla. Raunin baƙinsa kuma, muddin akwai haske a ɗakin, da ƙyar za ka lura. Shi ya sa nake ba mai farawa shi: aibinsa sai a duhu yake fitowa, na VA kuwa yana iya bin ka har cikin karatu. In ka san kallon fim a duhu ya fi yawa a harkarka, to ɗauki VA da zuciya ɗaya.

Don Allah kada "1ms" da ke jikin kwali, wato wai ɗigon hoto yana sauya launi cikin milisakan ɗaya, ya ruɗe ka. Sau da yawa sai an ƙure saitin hanzarta ƙwayoyin ake samun wannan adadi, kuma a nan wata farar inuwa ke bin duk abin da ya motsa. Bar saitin a tsakiya. Abin dubawa na gaske shi ne Hz, wato sau nawa allon ke sabunta hoto a sakan ɗaya. A 60Hz kowane hoto yana zama milisakan 16.7, a 144Hz kusan 7, kuma ko a motsin linzami za ka ji santsin. Ka kuma auna ƙarfin katin girafik ɗinka, wato na'urar da ke sarrafa hoto, domin ɗigon hoton 1440p ya fi na 1080p da kusan kashi 78 cikin ɗari. Ƙaramin kati, inci 24 a 1080p. Kati mai ƙarfi, inci 27 a 1440p. Ka tabbata monitan yana da FreeSync ko G-Sync, fasahar daidaita shi da katin, don kada hoto ya riƙa tsagewa.

OLED, wani nau'in allo da ba LCD ba, ya fi su duka baƙi da sauri, tunda kowane ɗigo da haskensa, amma abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar layin ƙasan Windows, yana iya barin tabo. Bar shi sai gaba.

In monitan ya iso, sa wayarsa a jikin katin girafik, ba a madabod (babban faifan da sauran kayan ke manne a jikinsa) ba, sannan ka shiga saitin Windows ka ɗaga Hz da hannunka, don sau da yawa a 60 yake zuwa. Cika allon da fari zalla, sannan baƙi, ja, kore da shuɗi, ka nemi mataccen ɗigo tun lokacin mayarwa bai wuce ba. Faɗa mana katin da ka saya, sai mu taya ka tsayar da girman da ya dace.