Zane sittin na Sarkin Japan, biyu kacal aka saya

Wani Alhaji mai sayar da kayan adon gida, da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou, ya rubuto mini. Ɗan yayarsa da ke karatu a ƙasar Sin ya nuna masa zane-zanen tsohuwar jaridar Faransa, Le Petit Journal, na lokacin yaƙin Rasha da Japan (1904 zuwa 1905), masu ɗauke da Sarki Meiji da matarsa Shoken. Yaron ya ce masu tara kayan tarihi za su yi rububinsu. Alhaji ya sa aka kwaikwayi guda 60 da hannu, da fentin mai a kan ƙyalle, a Dafen, unguwar masu zane da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, kowanne dala 45. Wata bakwai ke nan, biyu suka fita. Yana tambaya: ya ƙara kuɗin talla, ko ya riƙa rubuta "tsohon kaya" a jikinsu?

Alhaji, ka ajiye zancen talla tukuna. Kuskurenka ɗaya ne: ka zuba dala 2,700, ban da kuɗin dako, kafin ka yi magana da mai saye ko mutum ɗaya. Wanda ka saurara yaro ne da bai taɓa sayar da ko allura ba. Ba na zargin sa da cuta, abin ya burge shi ne ya faɗa maka. Kai da ka yi shekaru a kasuwa, kai ya kamata ka tambaye shi: wa zai saya, a ina yake, nawa ya taɓa biya?

Da ka yi wannan tambayar, da ka gano abin da ya karya cinikin tun daga tushe. Le Petit Journal ba jarida ce mai wuyar samu ba. A shekarun 1890 tana buga kwafi kusan miliyan ɗaya a rana, kuma ƙarin shafukanta masu launi na mako-mako mutane sun adana su da yawa. Har yau dillalan tsofaffin takardu a Faransa na sayar da shafin asali, sau da yawa a farashin da bai kai abin da ka biya mai zanenka ba. Hotunan kuma suna nan kyauta a Gallica, rumbun intanet na babban ɗakin karatun Faransa. Mai tara kayan tarihi takardar yake so, da jan tsufanta da kwanan watan da ke samanta. Me zai yi da ƙyallen da har yanzu yake warin fenti?

Su kuma mutanen Japan, in da su ka sa rai, suna da nasu masu zanen. Yōshū Chikanobu ya yi zanen iyalan sarauta, Kobayashi Kiyochika ya yi na fagen yaƙi, duk zanen da ake sassaƙawa a katako a buga a takarda, irin na gida. Ba sa buƙatar Sarkinsu kamar yadda wani mai zane a Paris ya ƙiyasta shi daga nesa. Hoton Sarki a wajensu ba abin wasa ba ne. Kafin 1945 makarantu na ajiye shi a keɓantaccen wuri ana rusuna masa.

Na taɓa ganin irin wannan. Wani abokin hulɗata ya sauke takubban ado irin na samurai, mayaƙan Japan na dā, kwali-kwali, saboda abokinsa ya rantse masa matasa za su wawashe. Shekara biyu bayan haka na shiga sitonsa, na zaro ɗaya daga kube, tsatsa ta bi tafin hannuna. Kuɗin hayar siton kaɗai ya cinye ribar da yake mafarki.

Batun rubuta "tsohon kaya" kuwa, kada ka sake ka fara. Ha'inci ne, haramun ne, kuma mai sayen da ya san harkar zai gane da ya juya bayan ƙyallen ya gan shi fari tas.

Abin da ke hannunka kayan ado ne, ka sayar da shi a matsayin haka. Ka nemi gidajen abincin Japan, otal-otal, da masu ƙawata ofisoshi. Ka je da guda uku a cikin firam, kada ka tura hoto ta WhatsApp ka zauna jira. Kowane zane ka haɗa shi da ɗan kati: an kwaikwaya da hannu daga bugun rana kaza. Ka fara da na Shoken, don sun fi na kakin soja shiga ido, kuma suna da labarin da za ka faɗa: ita ce ta ba ƙungiyar Red Cross yen 100,000 (kuɗin Japan) a 1912, asusun da ke ɗauke da sunanta yana aiki har yau. In an taya maka abin da ya mayar da uwar kuɗi, ka sallama.

Daga yanzu, ko zane ɗaya kada a sake taɓawa a Dafen sai mai so ya zaɓi hotonsa, ya biya rabi, kun rubuta girma da ranar kawowa. Ɗan yayarka kuma ka sa shi kula da inganci da dako, ka yanka masa lada a kan kowane zanen da aka sayar, ba wanda aka zana ba.