Fulawar biki a zafin Sakkwato: amsa ga yayar amarya

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin da rai da lafiya. Tun da safe na ga tambayarki, na ga kuma kowa sai turo miki lambar mai deko take yi, ba wadda ta tsaya kan abin da kika tambaya. Kin ce bikin ƙanwarki ne cikin Afrilu, za a yi kamu a gida a Mabera, a yi dina a hol, kuna da naira dubu 400 na kwalliyar wuri gaba ɗaya, amarya kuma ta kafe sai ɗanyar fulawa, wato fure mai rai ba na roba ba, irin wadda take gani a Instagram. Kina son sanin ko kuɗin zai isa, da yadda za a kasa shi.

Na aurar da ƙanne biyu da ɗiya ɗaya, na kuma yi shekara shida ina ba da hayar fulawar roba da labule kafin ciwon baya ya sa na sakar wa ɗiyar yayata sana'ar. To a wannan magana watan da kuka sa ya fi kuɗin ba ni tsoro.

Afrilu fa kika ce. Lokacin da zafi ke haura 40 a ma'auni, lokacin da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Ita fulawar da amarya ke gani, ros ɗin nan mai babban kai wadda malamai ke kira wardi, 'yar ƙasar sanyi ce. A Najeriya Jos ake nomanta, saboda garin yana kan tudu, sama da mita 1,200. Manyan kuwa, masu kai kamar dunƙulen hannu, galibi daga Kenya ake kawo su, daga gonakin bakin tafkin Naibasha, ko daga Habasha, a jirgi zuwa Legas ko Abuja. Tun daga gona har shago a ɗakin sanyi suke, sanyi irin na cikin firij, digiri 2 zuwa 4. Duk inda sanyin nan ya yanke, daga nan fulawa ta fara mutuwa. Hotunan da take gani kuma yawancinsu na Abuja ne da Legas, inda shagon da hol suke gari ɗaya.

Ni jiki magayi. A bikin ƙanwata ta biyu, farkon Mayu, tun kafin a cire tallafin mai, muka biye wa amarya muka yi odar kwali biyu daga Jos. Mai fulawar ta yi nata, ta yanka da asuba, ta naɗe da jarida mai laima, ta ba motar haya. Ki lissafa hanyar: Jos, Zariya, Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara, sannan Sakkwato. Motar ta samu matsala a hanya ta kwana, ba ta shigo ba sai washegari da azahar, ranar dina. Ni na je tasha da kaina. Direba ya ɗaga but, kwalayenmu na ƙarƙashin buhun dankalin turawa. Ina buɗe na farko wani tururi ya bugi fuskata, wari kamar na alayyahon da ya kwana a leda. Duk kawunan sun sunkuya, ka taɓa ɗaya ganyen ya zubo maka a tafin hannu.

Da muka iso gida sai wata 'yar baffanmu, wai ita mai dabara, ta kwashi waɗanda suka ɗan rage da rai ta kai firizar maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara. Bayan awa biyu aka ɗauko, bakin kowane fure ya yi baƙi kamar an babbaka, yana shan iska ya saki ruwa ya zama tsumma. Inna na zaune kan tabarma tana kallonmu, ba ta ce uffan ba sai da aka gama. Sannan ta ɗauki ɗaya da yatsa biyu ta ce, "To wagga aba ce kunka kashe ma kuɗin buhun gero ukku? Ai ko akuya ba ta kallon ta." Amarya na kuka, mu muna dariya muna ɓoyewa. Fulawar robar da na raina na jibge a sito, ita ta fitar da mu kunya a daren nan, kuma har yau duk wanda ya ga hoton bikin sai ya tambayi inda muka samo fulawa mai kyau haka.

Saboda haka dubu 400 zai isa a yi abin da ba za ku ji kunya ba, in da ta roba ce ta haya. In ɗanya za a lulluɓe wuri da ita, ko ƙofar shiga ba zai rufe ba. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin mai, duk abin da ake shigo da shi da dala ko ake ɗaukowa a mota ya tashi. Shi ya sa ba zan ce miki ga kuɗin ros ɗaya ba, farashin da aka gaya wa wata wata uku da suka wuce ba shi za a gaya miki ba.

Da ni ce ke da kuɗin nan, kafin na kira kowa sai na cire dubu 40 na ba wata amintacciya ta ɓoye, ko amarya kada ta sani. Ranar biki sai an nemi kuɗin a-kori-kura, kuɗin yaran da za su sauke kaya, man janareta, allura da zare, da biyan abin da ya ɓace. Sai na zuba dubu 200 a wuri ɗaya tak: bayan kujerar ango da amarya. Nan kowa ke kallo, nan mai hoto ke tsayawa tun daga shigowa har tashi, nan dangi ke layin ɗaukar hoto. Bayan shekara goma abin da zai rage na bikin hoton wurin nan ne. Dubu 80 na kamu, dubu 40 na ƙofar shiga da 'yar hanyar da amarya za ta bi, dubu 40 na fulawar hannunta.

Kin ga ban sa teburan baƙi ba. Da gangan ne. Minti ashirin da zama, tebur ya cika da robobin abinci, lemo, ruwa, jakunkuna da ledar kayan rabo, ba mai ganin fulawar. Wanda ya gan ta kuma, Allah ya shirye mu, sai ya ɗauka tana cikin rabo. Akwai bikin da na kai tulun tebur 30, na dawo da 19. Na ga wata Hajiya da idona, da gwalagwalai har gwiwar hannu, tana tura ɗaya cikin jaka, muka haɗa ido ta yi min murmushi. Uwar amarya ce ta biya. In mai deko ta ce za ta sa miki na tebur kyauta, ki tambaye ta wa zai biya in sun yi ƙafa.

Ita ma ta roba ba duka ce ɗaya ba. Akwai mai ƙyalli, wadda hasken kyamara na dukanta sai ta yi sheƙi kamar bokiti, akwai kuma mai laushi kamar yadi, wadda sai ka taɓa ka gane. Ki je inda take ajiye kayan da kanki, da rana, ki ce a fito da su tsakar gida, ki ɗauki hoto da filashin wayarki. Ki duba cikin furen, don ƙurar hunturu nan take maƙalewa, farar fulawa ta koma ruwan ƙasa. Mai deko ta kirki tana wanke nata da ruwan omo ta shanya a inuwa kafin kowane biki. Kada ki yarda da hoton da ta turo miki, rabinsu daga intanet ake kwasowa. Ki ce ta nuna miki bidiyon aikin da ta yi da hannunta, in da hali a hol ɗin da kuka kama.

Ki tafi da ƙyallen kayan amarya da na anko. Mutane da yawa suna cewa a yi bango kalar kayan amarya, kuskure ne, sai ta ɓace cikin bangon, a hoto fuska kawai ake gani. In za ta sa ja mai duhu, a yi mata fari da ruwan madara da ɗan kore. In fari za ta sa, bangon ya ɗan yi duhu.

Ciniki kuma kada ya tsaya a baki, ko da ƙawarki ce, musamman ma in ƙawarki ce. Ki sa ta rubuto miki a WhatsApp: faɗin bangon da tsayinsa, kala, kujera iri kaza, ƙarfe nawa za ta gama, wa ke biyan mota, wa ke ɗaukar asarar abin da ya karye. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, sauran sai kin shiga hol kin gani da idonki. Bayan Sallah bukukuwa kan yi cunkoso, mai deko ɗaya sai ta karɓi aiki uku rana ɗaya, wadda ta biya duka ita ake kai wa ragowar kaya. Ki kuma tambayi masu hol ko suna barin mai deko ta waje ta yi aiki, da ko akwai wani taro kafin naku. In akwai taron rana da zai tashi ƙarfe biyar, naku kuma na takwas, aikin awa shida ba zai yiwu ba, gara a zaɓi tsari mai sauƙi tun yanzu.

Kamu kuwa, ni a ganina ba ya ma buƙatar fulawa da yawa. Garinmu ne fa garin fata. A shimfiɗa darduma mai kyau, a jera tumtum, a rataye faifai da tabarma mai zane a bango, ga ƙwarya, ga kaskon turaren wuta yana tashi. Rabin kayan nan aro za ku yi a dangi. In ana son abu mai rai, ku je wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titi ku yi hayar tukwane shida ko takwas. Ki nemi kariya, ita da rani take fure, ruwan hoda mai kyau, kuma zafinmu bai dame ta ba tunda tana cikin ƙasarta da saiwarta. Sai dai a kula da yara, ƙaron da ke fita in an karya ta dafi ne. Kuma tunda kamu na riga dina, ki ba mutum ɗaya aikin biyu, 'yar fulawar da aka sa a gida ita za a kwasa a ƙara a hol. Kada ki biya hayar abu ɗaya sau biyu.

Yanzu maganar amarya. Kada ki ce mata a'a kai tsaye, kin san amare, sai ta ce ba a son farin cikinta. Ki ba ta ɗanya a hannu, ita kaɗai. Damin hannu ɗaya ana iya kare shi daga zafi, bango guda ba a iyawa. A yi odarsa daga Abuja, wani mai zuwa biki ta jirgi ya riƙo shi a hannu har filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na III, kada a sa shi cikin kaya, kuma ya iso ana gobe dina ko da safiyar ranar. Ki ce wa mai haɗawa ta rage ros ta yawaita kaneshan, ta fi jure wahala nesa ba kusa ba, ta kuma cika da 'yan ƙananan fararen nan masu kama da gero, su ko sun bushe ba sa muni.

Yana isowa gida a kwance ledar, a datse gindin kowane kara kamar gaɓar yatsa, a karkace, da wuƙa mai kaifi, don ya iya shan ruwa. A tsige ganyen da zai nutse. A tsoma cikin bokiti mai tsabta da ruwa mai sanyi, a zuba sukari cokalin shayi biyu da ɗigon Hypo biyu ko uku, sukarin abinci ne gare shi, Hypo kuma na hana ruwan rubewa. A ajiye a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi, kada iskar esi ko fanka ta riƙa dukansa kai tsaye. Firij yana yi in ba a tura shi can ciki jikin bango ba, firiza kuwa kin ji labarinmu. Abin da mutane ba su sani ba shi ne mangwaro. Afrilu lokacinsa ne, kowane gida da tire, kuma nunannen mangwaro ko ayaba suna fitar da wata iska da ke tsofar da fure cikin dare ɗaya. Kada su haɗa ɗaki, balle firij. A ba mutum ɗaya amanar damin, a miƙa wa amarya a bakin ƙofar hol, don masu hol da yawa ba sa kunna esi sai dab da shigowar baƙi. Duk da haka ki sa mai deko ta haɗa na roba irinsa a ajiye a mota.

Ga masu karantawa da bikinsu zai faɗo gab da azumi, ku duba kalanda. A 'yan shekarun nan Sha'aban na haɗuwa da Fabrairu, kuma wajen 14 ga wata ros kan yi tsada ko'ina a duniya saboda bikin masoya na turawa, ko da mu ba ruwanmu da shi.

In kuma akwai wasu 'yan matan a layi a gidanku, ku yi shawara da 'yan uwa ku haɗa kuɗi a sayo ta roba mai kyau a kasuwar Sabon Gari ta Kano, maimakon haya. Biki biyu ta mayar da kuɗinta, a kuma tsakuri kaɗan a sa wa amarya a falo ranar jere.

Ban ga kin faɗi ko kamun a tsakar gida ne ko a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa ba. In ƙarshen Afrilu ne kuma a waje, ki sa a ɗaure bangon da igiya a jikin gini, a danne ƙafafunsa da buhun yashi. Iskar da ke riga ruwan farko ba ta sallama, na taɓa bin labulena da gudu har gida na uku.