Naman Layya da Kwanon Kirsimeti: Amsa ga 'Yar Ƙanena

Rifkatu 'yata,

Saƙonki ya iso ni tun daren Laraba, na bari sai da na kwana da shi kafin in amsa. Kin ce maƙwabciyarki Musulma ta aiko miki da cinyar rago washegarin Babbar Sallah, kin karɓa kin yi godiya, sai wata a Zumuntar Mata ta ce miki naman hadaya ne, bai halatta ga mai bi ba, ki zubar. Yanzu nama na cikin firji, ke kuma kin rasa ta cewa.

Ki soya shi, ku ci ke da maigidanki. Zubarwa kuwa, kada ki kuskura.

Mu da muka tashi a Wusasa ba mu san wannan tambaya ba. Tun da mishan ta baro cikin birnin Zariya ta koma can a 1929, Kiristocin wurin Hausawa da Fulani ne da yawansu, kusan kowane gida yana da dangi Musulmi a birni ko a ƙauye. Kakarki takan share tsakar gida ranar Sallah don ta san yara za su yi ta sallama da kwanoni rufe da faifai. Ba a mayar da kwano sai an ba yaron tukwici, ko da kwabo ne, domin yaba kyauta tukwici. Idan Kirsimeti ta zo sai abin ya juya. Kakanki bai taɓa sa wa akuyar Kirsimeti wuƙa da hannunsa ba. Wani malami maƙwabcinmu yake kira ya yanka, don kada shinkafar ta isa wani gida a ji nauyin cinta. Ni da babanki mu ne 'yan aike, har ƙafafunmu su yi futu-futu.

Waɗannan mutane ba jahilan Littafi Mai Tsarki ba ne. Tun 1932 suna da shi cikakke da Hausa, sun kuma karanta 1 Korintiyawa sura 8 da ta 10, inda mai ba ki shawara ta samo maganarta. Ki buɗe da kanki. A Korinti akwai haikalin gumaka, ana yanka musu dabbobi, ragowar naman ya fito kasuwa. Duk da haka Manzo Bulus ya ce su ci abin da ake sayarwa a mahauta ba tare da bin diddigi ba, in kuma wanda ba mai bi ba ya gayyace su, su ci abin da aka ajiye a gabansu. Aya ta 25 zuwa 27 ke nan. Ba zan ɓoye miki aya ta 28 ba: ya ce in wani ya nuna maka cewa an miƙa abin nan ga gunki, ka bari saboda lamirin mutumin. To, ina gunki a layya? Musulmi ba ya yanka wa dutse ko tsamiya. Yana tunawa ne da ragon da Allah ya ba Ibrahim a madadin ɗansa, labarin da ke Farawa sura 22. Mu mun ce Ishaku, su sun ce Isma'ila. Mun sha bamban da su a kan ko wane ne Yesu, wannan kuwa ba ƙaramin bambanci ba ne, ban kuma taɓa rufe shi don in faranta wa kowa ba. Ba ma layya saboda mun gaskata Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, ya isa. Amma wanda ya ci rabon da maƙwabci ya ware masa bai shiga ibadarsa ba. Kuma in yankan Musulmi ne abin gudu, naman da kike saya a kasuwa kullum, wa ya yanka shi?

Na san daga ina tsoron nan ya fito, ba kuma na raina shi. Kina goye a watan Fabrairu na 2000 lokacin da Kaduna ta kama da wuta kan batun shari'a. Babanki yana haya a Tudun Wada. Mutumin da ya ɓoye ku kwana biyu a ɗakin matarsa, shi ne wanda kowace Sallah yake aiko muku da nama. Ba na ce nama laya ba ne. Akwai waɗanda suka ci kwano ɗaya da mutum, shi ne kuma ya nuna gidansu, ta kowane ɓangare an yi haka. Bayan wannan rikici garin ya tsage, Kiristoci suka tattara zuwa unguwannin Sabon Tasha da Television, Musulmi suka koma Rigasa da Tudun Wada, kogi ya zama iyaka. Yara suka tashi ba su taɓa kai kwano gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da ke ci mini rai ke nan: wanda ba ka taɓa cin gishirinsa ba, kome aka faɗa maka a kansa sai ka yarda. Ke da Allah ya bar wa maƙwabciyar da har yanzu take tuna ki, ki riƙe ta da kyau.

Ita kuma 'yar'uwar da ta hana ki, kada ki yi mata gori. Romawa 14 ta ce mai ci kada ya raina wanda ba ya ci, wanda ba ya ci kuma kada ya hukunta mai ci. In zuciyarta ba ta kwanta ba, ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta ba mabukaci a ɓoye. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a jefa abinci a bola a shekarun nan da mutane da yawa ba sa ganin nama sai Sallah ko Kirsimeti.

Tambaya ɗaya gare ki: kin ba yaron da ya kawo tukwici? In kin manta, gobe ki shiga gidan da kanki ki yi mata barka da Sallah, ki ba shi. Kafin Disamba kuma ki sa maigidanki ya yi magana da maigidanta a kan wanda zai yanka muku kaji. Ki gaishe shi, ki ce ina jiran zuwanku.

Gwaggonki.